Kuskure Goma Sha Bakwai a Littafin Mai Jego

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ni ne Haruna mai tafireta, wanda ya yi shekaru a wata rumfar kwano a Tudun Wada ta Kaduna yana buga wa mutane takardu. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, kwanan baya wani cikin samarinmu masu shagon kwamfuta ya ga tsohuwar tafiretata a ɗaki, ya danna harafi guda da ɗan yatsa, ya ce, "Baba, ashe aikinku danne-danne ne kawai." Na ce masa gaskiya ne. Noma ma sunkuye-sunkuye ne kawai.

Mahaifina kwafar littattafai yake yi da hannu, a wurinsa na koyi ajami. Ƙa'idarsa ita ce, in ka gama kwafa sai a yi muƙabala: mutum ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya karanta kwafin da ƙarfi, a ga ko sun dace. Yakan ce kuma, mai littafi ɗan Adam ne, in hannunsa ya zame, kai mai kwafa ka rufa masa asiri, ka gyara. Da wannan tarbiyya na zo Kaduna ina da shekara talatin da ɗoriya, neman aikin masaƙa. Ban samu ba. Wanda ya ɗauke ni shi ne Baba Yohanna, mutumin Kudancin Zariya kamar yadda ake cewa a lokacin, tsohon akawu da ya buɗe shagon buga takardu a Trikania. Ya ga ina karanta boko, ya ce in zauna.

Aikin farko da ya ba ni takardar neman gadi ce ta wani dattijo, kwafi biyu. Na sa kabon, baƙar takardar da ke fitar da kwafi na biyu, a tsakanin takardun, na yi awa guda ina farautar haruffa, na zare, sai ga ta biyu fara fat, rubutun duk ya koma bayan ta farko a juye. Na sa kabon ɗin a baibai. Baba Yohanna ya ɗaga takardar ya duba, ya ce, "Malam, ka ga, ko injin ya san kai mutumin ajami ne, ya fara maka daga dama." Shekara biyu na yi a gabansa. Tasa ƙa'idar ta saɓa wa ta mahaifina. Cewa yake, "Abin da ka gani shi za ka buga. Ko ƙuda ne ya mutu a kan takardar, buga shi." Ina ce masa to, amma a zuciyata na fi yarda da mahaifina. Da na buɗe rumfata kuwa, gyaran nan shi ya jawo mini mutane. Mai yarjejeniyar haya zai rubuta wata uku a sama, wata huɗu a ƙasa, in tambaye shi in daidaita. Da tafiya ta yi tafiya na daina tambaya ma. Har aka san ni da cewa takardar Malam Haruna ba a mayar da ita.

Ku da kuke goge kuskure da maɓalli ɗaya, bari in gaya muku mene ne sitensil. Wata takarda ce mai wani abu kamar kakin zuma a jikinta, doguwa, mai laushi. In ana son kwafi da yawa, sai a ɗage ribon ɗin tafireta, wato ƙyallen da ke ɗauke da tawada, harafi ya sari takardar kai tsaye ya huda ta. Daga nan a ɗaura ta a injin juyi, a zuba tawada, a riƙa murɗa hannu, tawadar na bi ta hudojin tana sauka a farar takarda. In ka buga a hankali, ba ya fita. In ka buga da ƙarfi, cikin harafin "o" ya faɗo, ya bar maka ɗigon baƙi kamar kashin akuya. Kowane shafi biyu sai ka goge haruffan da tsohon buroshin haƙori. Tafiretar kuma ta Turawa ce, ba ta san ƙa da ɗa da ɓa ba, sai an gama ka bi da tsinke mai kaifi kana lanƙwasa wa kowanne ƙugiyarsa da hannu. In ka yi kuskure, akwai wani ruwa ja-ja mai warin tsiya a 'yar kwalba. Ka shafa, ka hura, ya bushe, ka sake bugawa a kai. Sau ɗaya wurin yake ɗauka. Na biyu ya yage.

Shekarar da aka yi canjin kuɗi, lokacin da ake layin sabulu da madara, ita ce muguwar shekararmu. Sitensil ya ɓace a kasuwa, ruwan gyara ya ɓace, ribon sai mu ɗiga masa man keke don ya ƙara kwana. Masu coci da ke kawo tsarin waƙoƙinsu kowace Juma'a suka koma rubutawa a allo. Wasu abokan sana'a suka sayar da injinansu suka kama sayar da rake. Ni ina zaune ne kawai, ina buga takardar ƙorafi ɗaya ko biyu a wuni.

A cikin wannan hali ne, wata Talata da hantsi, mata biyu suka yi sallama a rumfata. Ɗaya tsohuwa, da goro a baki. Ɗaya matashiya, da goyon yarinya mai 'yar hula. Matashiyar ta ajiye kwali a kan tebur. Na buɗe, sai ga sitensil sabo dal, guda arba'in da takwas. Na daɗe ban ga irinsa ba. Sannan ta kwance wani ƙyalle, ta fito da warƙoƙi na ajami, rubutu mai kyau, siriri, irin na 'yar gidan malamai.

"Malam, an ce kai kaɗai ne a nan kake juya ajami zuwa boko," in ji ta. "Labari ne. Zan riƙa kawowa kaɗan-kaɗan kowace Talata. Ina so maigidan ya karanta, shi kuwa boko kawai ya iya."

Sunanta Rakiya. Mijinta Malam Isa, yana aiki a matatar mai ta wajen Rido, shi ya samo kwalin ta hannun wani abokinsa da ya je Legas. Tsohuwar kuwa goggon mijin ce, daga Funtuwa. Ban tambayi komai ba, amma Goggo ba ta buƙatar tambaya. Rakiya na komawa gefe don ta gyara goyo, sai tsohuwar ta matso kan benci ta rage murya, ko da yake ba ta ragu ba.

"Ka yi mata kawai, Malam, a rabu lafiya. Wata nas ce ta ce a bar ta ta riƙa abin da zai ɗauke mata hankali. Ai da ta haihu sai da muka ga tashin hankali. Kwana tara da haihuwa ta ce wai ba 'yarta ba ce. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina gidan, ban bar ta da yarinyar ita kaɗai ba. Wata biyu ya rage a yaye yarinyar, Dije, in tafi da ita Funtuwa. Can za ta zauna. Dama 'yar fari ce, ta kakanni ce."

Rakiya na jin komai. Ba ta ce uffan ba. Ku yaran yanzu ba lallai ku gane ba. A wancan lokaci mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce wa dangin miji ina son 'yata, kada a ɗauke ta. Rashin kunya ne. Wadda kuma aka riga aka ce tana da taɓin hankali, in ta faɗa, sai a ce ciwon ne ya motsa. Ban haɗa wannan da warƙoƙin ba a ranar. Ni sitensil ɗin nake kallo.

Da suka tafi na karanta warƙoƙin. Ban taɓa ganin irin labarin ba. Babu sarki, babu yaƙi, babu saurayi da budurwa. Wata mata ce mai suna Binta take ba da labarin jegonta da bakinta, kwana-kwana. Ta haihu a Kaduna, nesa da danginta, wata tsohuwa ce ke yi mata wankan jego. Komai an faɗe shi dalla-dalla: garwar ruwa a kan murhu tun asuba, ganyen darbejiya da ake tsomawa a fyaɗa mata a jiki, kunun kanwa, ɗakin da aka rufe tagarsa. Jaririyar tana da tawadar Allah a bayan kunnen hagu. Binta ta saƙa mata hula kore. Duk lokacin da aka fita da Binta wanka, jaririyar na hannun wasu, ita kuwa tana bayan ɗaki tana jin kukan ta cikin tururi, tana ƙirga mintoci. Na ce a raina, to, rubutu dai ta iya.

Amma da na soma bugawa sai na fara cin karo da tuntuɓe. A kwana na tara, Binta ta juya kan jaririyar ta ga tawadar a bayan kunnen dama, ba ta kuma ce komai a kai ba, ta wuce zancen kunu. Bayan kwana na goma sha biyu, sai ga wani kwana na goma sha biyu. Hular da aka ce kore ce ta zama fara. Tsohuwa mai wanka ta yi sallama ta tafi gida, layi uku a ƙasa ga ta zaune a bakin gado tana kallon Binta. Na tuna maganar Goggo. Na ce Allah sarki, baiwar Allah, ashe da saura. Ga shi mijinta za a kai wa. In ya ga wannan rikici ai ƙara tabbatar masa za a yi. Sai na yi abin da na saba, na rufa mata asiri. Na mayar da tawadar hagu ko'ina. Na jera kwanakin, sha biyu, sha uku, sha huɗu. Hula ta zauna kore. Tsohuwa in ta tafi ta tafi.

Talata biyu tana kawo warƙoƙi a gurguje tana komawa. Ni kuma, in faɗi gaskiya, nakan karanta sababbin kafin in ci abinci, don in san abin da zai faru. Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne, in na karanta nata na ajami sai in ji wuyana ya yi sanyi, in waiwaya bayana da rana tsaka. In na karanta nawa na boko da na gyara, sai in ji labarin wata mata ce kawai da ke shan kunu tana ƙorafi. Na ɗauka bambancin ajami da boko ne.

Talata ta uku na gama shafi goma sha tara, na ce sai mun yi muƙabala. Goggo ta ɗauki yarinyar ta tsallaka titi gaida wata 'yar garinsu mai sayar da daddawa. Rakiya ta riƙe warƙoƙinta, ni na ɗaga sitensil ga hasken ƙofa ina karantawa. Muna isa kwana na tara na karanta, "a bayan kunnenta na hagu."

"Dama," in ji ta.

"Hagu ne, Malama. Tun farko hagu kika ce. Na gyara miki."

Ta ɗago kai. "Me kuma ka gyara?"

Na lissafa mata, har da ɗan jin daɗi. Ina faɗa tana bin warƙoƙin da yatsa. Da na gama ta ajiye su a cinyarta.

"Malam, wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Sana'ata ce. Ba na barin takarda ta fita da kuskure."

"Inna lillahi. Ka warkar mini da Binta tun kwana na tara! To me ya rage a karanta?"

Na ce ban gane ba. Da gaske kuma ban gane ba. Ta sa hannu cikin ƙyallen, daga can ƙasa ta zaro wata warƙa guda da aka ninke huɗu, ta shimfiɗa a kan tafiretar. An ja mata layuka kamar hatimi. Gida na farko kwanan jego, na biyu abin da yake na gaskiya, na uku abin da Binta za ta gani, na huɗu warƙar da zai faɗo. Kwana tara, hagu, dama. Kwana sha biyu, a maimaita. Hula, kore, fara, ta koma kore a kwana ashirin da shida. Guda goma sha bakwai, tun daga farkon littafin har ƙarshensa, har da waɗanda ba ta riga ta rubuta ba.

"Kin san da su ke nan," na ce.

"Ni na dasa su. Malam, in na rubuta cewa Binta ta rikice, maigidan zai ce ai na sani, ina wurin. Ba ya wurin. Yana waje. So nake shi da kansa ya karanta hagu, ya wuce, ya ga dama, ya koma baya yana lalube, ya ce shin idona ne ko takardar ce. Minti ɗaya kawai ya ji haka. Ni kwana arba'in na yi a ciki." Ta kalli tsallaken titi. "Sannan ya san wadda ta iya shirya wannan ta fito daga ciwon. Ba ni da wata hanyar gaya masa. Yarinyar nan saura mako biyar a tafi da ita."

Na dubi warƙar, na dubi sitensil goma sha tara da na ɓata. Littafin zai ci arba'in da huɗu, kwalin arba'in da takwas ne. Ba halin sake bugawa. Ruwan gyarana kuwa ya daɗe da bushewa a kwalba.

Washegari na nannaɗe sitensil ɗin na hau bas zuwa Trikania. Baba Yohanna ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge.

"Wato mace ta kawo maka ƙudanta guda goma sha bakwai, kai kuma ka bi su da tsintsiya."

"Baba, ni dai a taimaka."

"Ka je ka sayi jan farce."

"Jan me?"

"Na mata, wanda suke shafa wa farce. Shi muke sawa tun bara. Ka nemi mai ruwa-ruwa. Kuma in mai kanti ya tambaya, ka ce na amarya ne, kada ka ce ni na aike ka."

Haka na tsaya a gaban teburin wata Bayarabiya a kasuwa, da gemuna da carbina, ina zaɓen jan farce. Ta ce, "Alhaji, wane kala madam take so?" Na ce wanda ya fi saurin bushewa.

Aikin mayar da kuskure ya fi aikin gyara wuya, wannan ku riƙe. Wurare tara ne a shafukan da na riga na buga. Ka nemo kalmar, ka shafa jan farce siriri da tsinken ashana, ka jira, ka mayar da takardar cikin injin ta zauna daidai layinta, in ta goce da gashi ɗaya kalmar ta hau ta kusa da ita. Hagu da dama sun zo da sauƙi, haruffa huɗu-huɗu ne. Kwanakin ne suka wahalar da ni, don da na jera su, duk na bayan sha biyu sun matsa, sai da na bi su ɗaya-ɗaya. Wurin tsohuwa mai wanka kuwa layi biyu na cire gaba ɗaya, babu inda zan cusa su, dole na sadaukar da sitensil biyu na sake shafukan. Ɗaya ya yage a hannuna. Saura ɗaya tak na rara. Ga kuma hannuna da ya ƙi. Shekara da shekaru na hore shi kada ya buga abin da ya san ba daidai ba, yanzu ina ce masa buga. Sau da yawa zan nufi dama in ga yatsuna sun tafi hagu, in tsaya cak, in duba warƙar layuka, in duba asali, in rasa wanne ne kuskuren gaskiya wanne ne na ganganci. Har a salla sai da na yi sujadar rafkanwa sau biyu a mako guda.

Muka ci gaba, kowace Talata muƙabala. Goggo takan yi gyangyaɗi a benci, ta farka ta ce, "Har yanzu matar nan ba ta gama wankan ba?" Labarin kuwa sai ƙara matsewa yake. Binta ta fara ɗaura wa jaririyar zare a ƙafa kafin a fita da ita wanka, ta dawo ta tarar da zaren, amma ƙullin ba irin nata ba ne. Ni kaina na kasa sanin ko an musanya yarinyar ko ba a musanya ba. Na tambayi Rakiya, ta ce in jira. A kwana na talatin da takwas wata maƙwabciya ta zauna da Binta wuni guda, ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta ce aljanu ba ne, ta dai karɓi jaririyar ta ce ki yi barci, ina nan, ba zan motsa ba. Daga nan abubuwa suka fara komawa wurarensu.

Warƙoƙi huɗu na ƙarshe ba mu yi musu muƙabala ba. Goggo ta matso da tafiyarta, ta ce ranar Lahadi za a shafa wa nono maganin yaye, Litinin su kama hanya. Rakiya ta kawo su ranar Alhamis, tana tsaye ta miƙo ta juya. Na buga su a ranar, Juma'a bayan masallaci muka juya kwafi sittin a injin Baba Yohanna, muka ɗinke da zare. Warƙoƙin asali duka na ɗaure su a ƙyallensu na sa a aljihun tebur.

Ranar Asabar da hantsi wani dogon mutum ya jingine babur a gaban rumfar. Ya ce shi ne Isa, an ce ya zo ya karɓi littattafai. Na ba shi ɗaurin. Ya zaro ɗaya don ya ga ko tawada ta fita, yana tsaye. Can ya zauna a benci. Ina buga wata takardar haya ina satar kallonsa. Ya kai wani wuri ya tsaya, ya koma baya shafi uku, ya dawo, ya sake komawa.

"Malam, an ce ba ka kuskure."

"Ana dai faɗa."

"To ga shi nan ka sa dama. Can baya hagu ne."

Na ce ya ci gaba. Ya dube ni, ya ci gaba. Ya sake tsayawa a kwana na sha biyu, ya ƙirga da yatsu. Bai ƙara yi mini magana ba. Aka kira azahar muka je muka dawo, ya koma kan benci. Da ya kusa ƙarewa na fito da warƙar nan mai layuka, wadda Rakiya ta bar mini don aiki. Na ce ba zai iya karantawa ba, amma zan karanta masa, shi ya riƙa dubawa a littafin. Na karanta gida-gida, yana buɗe shafi yana samu. Goma sha bakwai cif.

"Ita ta tsara wannan? Tun kafin ta rubuta?"

"Tun kafin ta rubuta."

Ya riƙe warƙar da hannu biyu yana kallon rubutun da bai iya karantawa ba. "Ni fa ce mata na yi ta yi istigfari," in ji shi. "Da ta ce mini ba 'yarta ba ce. Na ce ta ji tsoron Allah, na fita na tafi aiki." Ba ni yake gaya wa ba.

Ya koma ya ƙarasa shafuka biyun da suka rage. Sai na ga ya sake tsayawa. Ya miƙo mini littafin, yatsansa a kan layi. Shafi na arba'in da uku ne, ranar arba'in, Binta ta warke, an yi wankan ƙarshe, ta ɗauki 'yarta da kanta. An buga: "Na shafa bayan kunnenta na dama, inda tawadar take, na san tawa ce."

"Wannan yana cikin takardar?"

Na duba gidajen nan goma sha bakwai, ko da yake na haddace su. Ba ya ciki.

"Ta Dije a hagu take," in ji shi a hankali. "Malam, ka gaya mini. In ita ta rubuta haka ba da saninta ba, bayan ta ce ta warke, to ka ga Goggo ta yi gaskiya."

Asalin yana cikin aljihun tebur, gwiwata na taɓa shi. Buɗewa ɗaya ne, warƙa ta biyun ƙarshe. Abu uku ne zai iya zama. Ko ta ƙara shi da gangan daga baya ba ta sa a lissafi ba, ko hannunta ya zame, ko nawa, wanda ya yi wata guda yana rikita hagu da dama, ranar kuma ina sauri, ba a yi muƙabala ba. In na buɗe na ga dama, ba zan iya ce masa hagu na gani ba. Ban taɓa yi wa mai takarda ƙarya a kan abin da ke rubuce ba.

Ban buɗe ba. Na ce, "Malam Isa, shafukan nan huɗu a gurguje na buga su, ba a duba ba, hannuna kuma ya gaji. Mai bugu yana kuskure. Ka ɗora a kaina."

Ya sake duban layin. Sannan ya zaro biro daga aljihun rigarsa, ya soke dama, ya rubuta hagu a samanta, ya ɗaure littattafan a bayan babur ya tafi. Kafin la'asar maƙwabcina tela, wanda ya ji komai, ya gaya wa rabin layin cewa Malam Haruna ya amsa kuskure da bakinsa.

Ranar Litinin Goggo ta tafi Funtuwa da yarinyar, kamar yadda al'adar yaye take. Bayan mako biyu Malam Isa ya je da kansa ya dawo da ita. Talatar da ta biyo baya Rakiya ta zo karɓar warƙoƙinta, ita da yarinyar kawai, tana riƙe da hannunta. Na miƙa mata ƙyallen a ɗaure yadda na ɗaure shi.

"An ce ka yi kuskure a shafin ƙarshe, Malam."

"Haka aka ce."

"Ka duba asalin?"

"Ban duba ba."

Ta sa ƙyallen a ƙarƙashin mayafi. "Allah ya saka da alheri," in ji ta, ta ja 'yarta suka tsallaka titi.

Sauran kwafi hamsin da tara ba wanda ya gyara su. Suka bi gidaje a Tudun Wada da Makera, hannu zuwa hannu, har suka yi laushi. Mata sun riƙa aiko mazajensu rumfata a tambaye ni ko an musanya jaririyar ne, don a cewarsu kalmar nan ta shafi na arba'in da uku ita ce ta fi komai tayar musu da tsigar jiki. Nakan ce ni bugawa kawai na yi. In tawa ce, to ban taɓa buga abin da ya kai ta kyau ba a duk shekarun da na yi ina sana'ar, kuma ban san lokacin da na yi ba. In tata ce, Allah ya san da wace niyya ta rubuta. Shi muke roƙo ya yafe mana wanda muka yi da sani, da wanda har yau ba mu san ko mu muka yi ba.